Ƙuri'a 342 a Sakkwato, 10,806 a Kaduna: wa ke da hujjar cewa an yi maguɗi?



Ranar Litinin 20 ga Maris, 2023, baturen zaɓen gwamnan Jihar Kaduna, Farfesa Lawal Suleiman Bilbis, ya bayyana cewa Uba Sani na jam'iyyar APC ya samu ƙuri'a 730,002, Isa Ashiru Kudan na PDP kuma ya samu 719,196. Tazarar da ke tsakaninsu 10,806 ce. A kunne adadin yana da nauyi, amma in aka raba shi a kan rumfunan zaɓe sama da 8,000 da jihar ke da su, bai kai ƙuri'a biyu a kowace rumfa ba. Ma'ana, da a kowace rumfa, daga Hayin Dogo zuwa Muciya, daga Birnin Gwari zuwa Kafanchan, mutum ɗaya tak ya dangwala wa wancan a maimakon wannan, da rinjaye ya koma ɗaya ɓangaren.

Zaɓen da aka yi kankankan irin wannan shi ne ke haifar da kalmar da muke son mu tsaya a kanta yau, wato maguɗi. Duk wanda ya zauna a teburin mai shayi a Samaru ko ya ratsa kasuwar Sabon Gari a makon da sakamako ya fito, ya san yadda take fita daga baki ba tare da an auna ta ba. Wanda gwaninsa ya faɗi yana rantsuwa da Allah cewa ƙwace aka yi. Wanda gwaninsa ya ci yana rantsuwa cewa zaɓi ne na Allah, kuma mai ƙorafi bai yarda da ƙaddara ba. Dukansu biyu sun sa sunan Ubangiji a kan abin da mafi yawansu ba su gani da idonsu ba. Rantsuwar ce ta sa maganar ta shigo wannan fili, domin cewa an yi maguɗi tuhuma ce ta sata da ha'inci da shaidar zur a kan mutane sanannu, kuma tuhuma tana da hukuncinta.

Mu fara da duba yadda muke amfani da kalmar. A zaɓen gwamnoni na 9 ga Maris, 2019, hukumar zaɓe ta ce zaɓen Kano da na Sakkwato ba su kammala ba, saboda tazarar da ke tsakanin 'yan takara ba ta kai yawan masu rajista a rumfunan da aka soke ba. A Kano, Abba Kabir Yusuf, wanda a lokacin yake PDP, yana gaban Abdullahi Umar Ganduje na APC da ƙuri'a 26,655. Aka yi zaɓen cike gurbi ranar 23 ga Maris, mazaɓar Gama ta zama sunan da kowa ya haddace, masu sa ido suka ba da rahoton 'yan daba da tsoratar da masu zaɓe, daga ƙarshe aka ce Ganduje ya ci da 1,033,695 a kan 1,024,713, rinjayen 8,982. A wannan rana dai aka yi na Sakkwato. Aminu Waziri Tambuwal na PDP ya samu 512,002, Ahmed Aliyu na APC ya samu 511,660. Ƙuri'a 342 ce ta raba su, adadin da wasu sahu kaɗan na masallacin Juma'a za su cika.

To, sai aka wayi gari 'yan PDP suna kuka da Kano suna biki da Sakkwato, 'yan APC kuma suna biki da Kano suna kuka da Sakkwato. Hukuma ɗaya ce ta shirya zaɓuɓɓukan biyu, da doka ɗaya, a rana ɗaya. Kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncinsu a rana ɗaya, 20 ga Janairu, 2020: ta tabbatar wa Ganduje, ta tabbatar wa Tambuwal, kuma a duka biyun abin da ya kayar da masu ƙara shi ne rashin gamsar da kotu da hujja. A wannan yini akwai gidajen da aka yabi alƙalai aka kuma tsine musu kafin azahar.

Shekara huɗu bayan haka sai reshe ya juye da mujiya. Abba, wanda a lokacin yake NNPP, ya ci Kano da 1,019,602 a kan 890,705 na Nasiru Yusuf Gawuna. Ranar 20 ga Satumba, 2023, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zare masa ƙuri'a 165,663 bisa hujjar cewa takardun ba su da hatimi ko sa hannun jami'in zaɓe, ta ba Gawuna nasara. Waɗanda a 2020 suka ce hukuncin kotu shi ne ƙarshen zance suka sake faɗin haka da murna, har zuwa 12 ga Janairu, 2024, ranar da Kotun Ƙoli ta mayar wa Abba ƙuri'unsa. Daga nan wasunsu suka fara ganin aibin alƙalai, waɗanda jiya suke zagin kotu kuma suka koma yi mata kirari.

Wannan shi ne mudu biyu. Suratul Muɗaffifina ta buɗe ne da narko a kan mai cika awo in zai karɓa, mai tauyewa in zai bayar, kuma malamai ba su taƙaita ma'anarta a kan hatsi ba. Mutumin da bidiyo na daƙiƙa goma ya ishe shi hujja a kan jam'iyyar da ba tasa ba, amma ko an kawo masa takardu cikin buhu a kan tasa zai ce sharri ne, shi ma mai mudu biyu ne, ko da bai taɓa zama a bakin kasuwa ba.

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa babu maguɗi. Akwai shi, kuma an kama shi. A watan Maris na 2021 wata babbar kotu a Jihar Akwa Ibom ta ɗaure Farfesa Peter Ogban shekara uku saboda sauya alƙaluman zaɓen sanata na 2019 da aka ba shi amanar tattarawa. A Adamawa, ranar 16 ga Afrilu, 2023, kwamishinan zaɓe na jihar, Hudu Yunusa Ari, ya bayyana Aishatu Binani a matsayin wadda ta ci, alhali ba a gama tattara sakamako ba kuma ba shi doka ta ba hurumin bayyanawa ba. Hukumar ta soke sanarwar, bayan kwana biyu ta bayyana Ahmadu Fintiri. Sayen ƙuri'a da taliya da atamfa da 'yan dubbai kuwa, babu unguwar da za ta ce ba ta san shi ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: mai sayarwa ba shi da bakin zagin mai saye.

Abin da ya bambanta waɗannan biyun da surutun majalisa shi ne an samu abin da za a nuna. A na farko akwai takardar da aka rubuta a ƙasa da wadda aka karanta a sama, aka ajiye su gefe da gefe. A na biyu abin ya faru a gaban kyamara. Fiƙihunmu ya daɗe da tsayar da ƙa'idar cewa kawo hujja yana wuyan mai da'awa, kuma shaida ba ya shaidar abin da bai sani ba sani na yaƙini. Kotunan zaɓe na ƙasar nan, duk da cewa ba da littattafanmu suke hukunci ba, a kan wannan gaɓar sun yi kusa da mu ƙwarai. Wanda ya ce an yi aringizo, ana neman ya nuna a wace rumfa, da ƙuri'a nawa, da bakin wanda yake tsaye a wurin. Shugaban jam'iyya da ke zaune a Kaduna ba zai yi shaidar abin da ya faru a wata rumfa a Bomo ba, domin ji ya yi, kuma gani ya kori ji. Sannan ana neman ya nuna cewa ɓarnar ta kai yawan da za ta sauya sakamako.

Malaman tarihi suna kawo ƙissar Sayyidina Aliyu, Allah Ya ƙara masa yarda, lokacin da ya ga sulkensa a hannun wani mutum, suka je gaban alƙali Shuraihu. Sarkin Musulmi ne, sulken nasa ne, alƙalin ma bai yi shakkar gaskiyarsa ba, amma da shaidun da ya kawo ba su cika sharaɗi ba sai hukunci ya tafi ga ɗaya mutumin, shi kuma ya karɓa. Darasin yana da ɗaci ga wanda aka zalunta: mai gaskiya yana iya faɗuwa a gaban shari'a in hannunsa babu hujja. Sai dai akwai ɗaya gefen, wanda masu biki ba su cika son a tuna musu ba. Hadisin Ummu Salama da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna cewa alƙali yana hukunci ne da zahirin abin da ya ji, kuma wanda ya ci haƙƙin ɗan'uwansa ta hanyar iya tsara zance, abin da ya karɓa wuta ce. Daga nan jumhurun malamai suka fahimci cewa hukuncin alƙali ba ya halatta haram. Wanda ya san ya ƙara sifili a takarda, ko ya turo 'yan daba suka kori mata daga layi, tabbatarwar Kotun Ƙoli ta ba shi kujera ne kawai, ba ta wanke shi ba. Ita kuwa al'umma, abin da ya hau kanta shi ne ta bi hukuncin don kada jini ya zuba, ko da zuciyarta ba ta natsu da shi ba.

In hujja ce ke raba gardama, to ina ake samunta? Mutane da yawa suna kiran a sake ƙirga bayan an yi mako da zaɓe, ba su san cewa dokar da aka yi zaɓen 2023 da ita, Dokar Zaɓe ta 2022, ta ajiye wannan dama ne a rumfa, a ranar zaɓen. In an gama jefa ƙuri'a, jami'in rumfa zai ware takardu ya ƙirga a bainar jama'a. Ɗan takara ko wakilinsa da ke wurin yana da ikon ya ce a sake ƙirgawa, kuma sau ɗaya ake sakewa. Daga nan a rubuta sakamako a takardar EC8A, jami'i ya sa hannu ya buga hatimi, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a ba kowa kwafinsa, a ɗauki hotonta da na'urar BVAS don a ɗora a shafin hukuma. In ƙuri'un da aka jefa sun fi yawan waɗanda na'ura ta tantance, a soke rumfar. Bayan wannan, duk abin da za a yi a mazaɓa da ƙaramar hukuma da jiha haɗa lissafi ne. Wanda yake riƙe da kwafin kowace rumfa a mazaɓu goma sha ɗaya na Sabon Gari, ba ya buƙatar jita-jita don ya san ko an taɓa alƙaluma a hanya. Lissafin ɗan firamare ya ishe shi.

Amma me muke gani? Mutum ya sha rana a layi tun safe, ya dangwala, ya tafi gida kafin la'asar. Wakilin jam'iyya, wanda sau da yawa matashi ne da aka yi wa alƙawarin kuɗin da ba a biya shi ba, ya bar rumfa don neman abinci, ko a kira shi gefe a sallame shi ya sa hannu a kan abin da bai karanta ba. Jam'iyyar da ta kashe miliyoyi a kan fosta da gangami ta kasa ajiye mutum ɗaya amintacce mai iya karatu a kowace rumfa. In sakamako ya fito ba yadda ake so ba, sai a tashi neman shaidu cikin kwana 21 da tsarin mulki ya ba mai ƙara. Ihu bayan hari ke nan. A zaɓen da ƙuri'a 342 ke yanke wa jiha guda makomar shekara huɗu, awa biyun da ake ƙirga a rumfa sun fi wata shida na zaman kotu amfani.

A nan maganar ta zo ƙofar gidanmu, mu mutanen Samaru. Hukumar zaɓe tana ɗibar masu tattara sakamako da turawan zaɓe ne daga malaman jami'o'i, jami'an rumfa kuma daga matasa masu hidimar ƙasa da ɗaliban manyan makarantu. Garin da yake ɗauke da Jami'ar Ahmadu Bello ba zai ce zaɓe aikin wasu ne can ba. Alƙalamin yana hannun 'ya'yanmu da maƙwabtanmu da waɗanda muke sahu ɗaya da su. Ya kai ɗalibi da za a damƙa wa akwati: lambar da ka rubuta a wannan takarda shaida ce, kuma shaidar zur tana cikin manyan zunubai da aka jera tare da shirka da saɓa wa iyaye. Ba sai ka yi niyyar cuta ba ma. Shari'ar Kano ta nuna cewa rashin hatimi da sa hannu a bayan takarda ya kusa zubar da zaɓin mutum 165,663, ya jefa birni cikin dokar hana fita, sai da Kotun Ƙoli ta ce ba a nuna cewa takardun ba na hukuma ba ne. Gajiya da gaggawa a ƙarshen yini suna iya yin ɓarnar da ɗan daba bai yi ba.

Mu kuma sauran jama'a, haƙƙin waɗannan yara ne a kanmu mu tsare su. Ba mu manta da Afrilun 2011 ba. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na ranar 16 ga wata, labarin maguɗi ya riga hujja isa kan titi, cikin kwana uku aka kashe mutum sama da 800 a jihohin Arewa bisa ƙiyasin ƙungiyar Human Rights Watch. Jihar Kaduna ce ta fi kowace jin jiki, Zariya ba ta tsira ba, a Bauci kuma aka kashe matasa masu hidimar ƙasa guda goma. Babu ɗaya daga cikin mamatan nan da aka tabbatar ya sauya ƙuri'a ko guda. A wancan lokacin ma wayoyin ba su kai na yau sauri ba.

Ga misali na kusa kan saurin labari. Ranar 28 ga Satumba, 2023, kotun sauraron ƙarar zaɓen gwamnan Kaduna ta karanta hukuncinta ta intanet. Kafin a gama, rabin gari ya ji cewa an ce zaɓe bai kammala ba, rabi kuma ya ji cewa an kori ƙara, kowane ɓangare ya fara taya kansa murna. Abin da ya faru shi ne, mafi rinjayen alƙalan sun kori ƙarar Isa Ashiru saboda saɓa ƙa'idar lokaci wajen shigar da wata buƙata, sannan suka ƙara da cewa da ba don haka ba, da sun ba da umarnin sake zaɓe a wasu rumfuna. Kowa ya yanki rabin da ya yi masa daɗi ya tura. Sai 19 ga Janairu, 2024, Kotun Ƙoli ta rufe zancen da tabbatar wa Uba Sani. Umarnin da ke cikin Suratul Hujurati na bin diddigin labari kafin a yi aiki da shi, dalilinsa shi ne gudun a afka wa mutane cikin jahilci a dawo ana nadama. Wannan ya shafi mai tura saƙo a WhatsApp, ya kuma fi shafar mai hawa mumbari, domin abin da liman ya faɗa ranar Juma'a ba a tambayarsa a wace rumfa ya gani.

Wani zai ce da muna da tsarin sake ƙirga takardu ɗaya bayan ɗaya kamar Amurka, da an huta. Tarihinsu bai nuna haka ba. A 2000 ƙuri'a 537 a jihar Fulorida, cikin kusan miliyan shida, ita ta ba George Bush shugabanci, bayan mako biyar ana jayayya har Kotun Ƙolinsu ta dakatar da ƙirgar da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu. Al Gore ya ce bai yarda da hukuncin ba amma ya karɓa. A 2020 jihar Jojiya ta ƙirga takardu kusan miliyan biyar da hannu, daga ƙarshe rinjayen Joe Biden ya tsaya a 11,779, kotuna suka yi watsi da ƙararraki barkatai, amma duk da haka ranar 6 ga Janairu, 2021, magoya bayan Donald Trump suka afka wa majalisar dokokin ƙasar. Ƙirga tana gamsar da wanda ya yarda tun farko cewa zai iya faɗuwa. Wanda ya riga ya yanke cewa faɗuwarsa ita kanta hujjar sata ce, ko sau goma aka ƙirga zai ce masu ƙirgar aka saya.

Sai dai adalci bai yarda mu ɗora wa talaka nauyin duka ba. Hukumar zaɓe ta yi alƙawarin ɗora sakamakon rumfuna a intanet nan take, ranar 25 ga Fabrairu, 2023 na shugaban ƙasa ya ƙi hawa a kan lokaci, ta ce tangarɗar na'ura ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya saɓa alƙawari a gaban miliyoyin mutane shi ya buɗe wa zato ƙofa. Akwai kuma matsala a tsarin shari'ar kansa. Takardu da na'urori duk suna hannun hukumar da ake ƙara, mai ƙara sai ya roƙe ta kafin ya samu abin da zai kafa hujja a kanta, lokaci yana tafiya, wanda ake jayayya da nasararsa kuma an riga an rantsar da shi yana kare kansa daga gidan gwamnati.

Wannan ba sabon gano ba ne. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya amsa a jawabin rantsar da shi na 2007 cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, ya kafa kwamitin gyara ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalan Najeriya, Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, ɗan Zariya. Rahoton da kwamitin ya miƙa a Disamban 2008 ya ba da shawarar a kammala shari'ar zaɓe kafin rantsarwa, a kafa hukuma ta musamman don gurfanar da masu laifin zaɓe, a kuma ɗora wa hukumar zaɓe nauyin nuna cewa ta yi aikinta daidai in an ƙalubalance ta. A ganinmu shawara ta ƙarshe ba ta ci karo da ƙa'idar da muka ambata ba, domin wanda aka ba ajiya, kuma littafin ajiyar yana aljihunsa, ba zalunci ba ne a ce ya buɗe shi a gaban alƙali. An yi zaɓuɓɓukan 2011, 2015, 2019 da 2023 ba tare da waɗannan ukun sun zama doka ba. 'Yan majalisar tarayya ne ke da ikon mayar da su doka, kuma su ne za su dawo Samaru da Kwangila da Dogarawa neman ƙuri'a. In sun zo, a tambaye su inda aka kwana a kan rahoton Uwais, a kuma nemi su faɗi amsar a gaban jama'a.